Murhu a Bakin Ƙofa

Duk wanda ya tashi a Nima ko Maamobi ya san cewa idan mace ta ce "ina kicin", ba lalle ne tana cikin wani ɗaki mai ƙofa da taga ba. Galibi tana bakin ƙofarta ne, a ɗan filin baranda mai taku uku ko huɗu, inda kurfoti yake zaune kusa da buhun gawayi, kujera 'yar tsugunno tana gefe, turmi yana kife a lungu, ga kuma kabad mai ragar waya an ɗana masa kwaɗo. A gida ɗaya sai ka ƙirga irin wannan madafa goma ko fiye, kowace tana kallon 'yar'uwarta. Da la'asar hayaƙinsu yakan haɗu ya tashi tare, har ka kasa bambance ƙamshin daddawar wannan da na soyayyen kifin waccan. A 'yan shekarun nan kuwa, duk gidan da kuɗi ya ɗan shiga, bayan banɗaki wannan wurin ake fara tunanin gyarawa. Shi ya sa nake ganin ya kamata mu dubi abin da muke rushewa da abin da muke ɗorawa a gurbinsa, tun magini bai ɗaga guduma ba.

Ƙuncin nan yana da asali. Kakanninmu da suka biyo hanyar Gwanja da fataucin goro, da waɗanda suka watse daga Salaga bayan yaƙin 1892, da waɗanda aikin soja ko cinikin shanu ya kawo, sun baro ƙasar da magidanci yake da gona da rumbu, matar gida kuma take da tsakar gida mai faɗin da za ta yi sussuka da shiƙa ba ta takura kowa ba. A Ankara suka tarar da ƙasa mai masu ita. A farkon shekarun 1930 Malam Amadu Futa ya sami izinin zama a Nima daga iyalan Odoi Kwao na Osu, jama'a suka yi ta sauka a wurinsa, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Shekaru da dama unguwar tana wajen iyakar hukumar birni, don haka kowa ya yi gini yadda hali ya ba shi. Al'adar Zongo kuma ba ta yarda a kori baƙo ba. Ɗan'uwa ya zo daga Sakkwato ko Dosso ko Bawku, a yanka masa ɗaki a tsakar gida. Ɗa ya yi aure, a ƙara wani. Tsufa ya kama maigida, a ƙara na haya don a sami na cefane. Da haka ɗakuna suka cinye fili, girki ya matsa ya matsa har ya tsaya a bakin ƙofa.

Da aka rasa gona, sai rumbu ya koma kasuwa. Uwar da a Katsina za ta sa a buɗe rumbu a ɗebo damin gero, jikarta a nan ranar Laraba take jira ta shiga Kasuwar Mamudu ta auno olonka biyu na masara, ɗaya na wake, rabin na gero. Daga nan sai wurin nika-nika, injin da duk Ghana take kira da sunan Hausa, ko da mai kiran bai san daga "niƙa" kalmar ta fito ba. Albasa kuwa daga Nijar da Bawku take zuwa, kuma tun da aka tashi 'yan albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a watan Yulin 2021 hanyarta zuwa tukunyarmu ta ƙara tsawo. Mun ga yadda farashinta ya yi tsalle bayan juyin mulkin Nijar na 2023 da aka rufe iyakoki. A Disambar 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, kowace mace ta gane cewa wadda take da wurin ajiye buhun shinkafa guda ta fi wadda take awo kullum samun sauƙi, ko da kuɗin hannunsu ɗaya ne. Rashin wurin ajiya wani haraji ne da talaka yake biya ba tare da an ba shi rasit ba.

Sai kuma yanayin gari. Dabarun adana abinci da muka gada an ƙirƙire su ne don ƙasa mai rani na wata bakwai, inda kuka da busasshiyar kuɓewa da barkono za su shekara a cikin tukunya babu abin da ya same su. Ankara bakin teku take. Daga Afrilu zuwa Yuli iska kanta jiƙaƙƙiya ce, gishiri yana narkewa a cikin kwano, gari yana dunƙulewa, daddawa tana yin furfura. Masara da gyaɗa idan suka sha danshi sukan yi hunhuna mai haifar da gubar da masana suke kira afulatoksin, wadda take lahanta hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Hunturu kaɗai, daga Disamba zuwa Fabrairu, yake ɗan tuna mana da iskar Arewa. Shi ya sa a watannin nan za ka ga rufin kwano da kan katanga sun cika da faifai da tire, tsofaffi suna shanyar barkono da citta da yankakkiyar kuɓewa, suna tseren rana kafin damina ta dawo.

Iyayenmu mata ba su jira wani masani ya tsara musu ma'aji ba. Gwangwanin Milo da ya ƙare ya zama gidan yaji da kanwa. Bokitin man shafa burodi mai murfi ya zama gidan gari. Akwatin katakon da yaro ya gama makarantar kwana da shi, wanda kowa yake kira "chop box", ya dawo gida ya ci gaba da aikinsa a baranda. Ƙafafun kabad ana tsoma su cikin gwangwanin madara mai ruwa don kada tururuwa ta hau. Buhun masara ba ya taɓa siminti, sai an ɗora shi a kan katako ko bulo, domin wanda yake kusa da babbar gotar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi ya san cewa ruwan dare ɗaya yana iya shiga ɗaki har gwiwa. Ƙarƙashin gado kuwa shi ne rumbunmu na gaskiya. Can ake tura manyan tukwanen biki, da kwalin taliya, da jarkar manja, a sauke zanin gado ya rufe. Ragayar da kakanninmu suke rataye ƙwaryar nono ta ɓace, amma hikimarta tana nan: abin da kake so ya tsira daga ɓera da ruwa, ɗaga shi sama.

Akwai wata ajiyar da ba ta ci ba ce, ita ce kayan ɗaki. Waɗanda suka kai shekara arba'in sun tuna kabet mai gilashi da ke tsaye a falon kowace amarya, an jera kwanukan sha da fanteka da samiru tun daga babba har ƙarami, masu zanen fure, ba a girki da su, ba a cin abinci a ciki sai ranar suna ko Sallah. Yaran yanzu suna ganin abin a matsayin tarkace mai cinye wuri. Amma jeren nan asusun mace ne. Idan ciwo ya zo ko jari ya karye, saiti guda take cirewa a sayar, ba ta nemi izinin kowa ba, domin nata ne. Tsofaffin da suka ga 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, sun ga yadda aka bar gidaje da rumfuna, aka tafi da abin da kai zai iya ɗauka. A 1983 kuma 'yan'uwanmu suka dawo daga Nijeriya da irin jakar nan mai layi-layi da har yau muke cusa kaya a ciki mu ɗora a kan wadirob. Al'ummar da ta ga wannan sau biyu ba za a zarge ta ba idan ta fi amincewa da dukiyar da ake iya naɗewa a ɗauka.

Ruwa da wuta su ne sauran ginshiƙan madafa, kuma duka biyun saye muke yi. Jarkar nan mai ruwan ɗorawa da aka laƙaba wa sunan Kufuor tun zamanin ƙarancin ruwa na mulkinsa ta zama kayan kicin kamar tukunya, ga duro mai shuɗi, ga Polytank a gidan da ya samu hali. Randar ƙasa mai sanyaya ruwa ta ba ledar "pure water" wuri. Gawayi kuma daga nesa yake zuwa, daga wajen Kintampo da filayen Afram da ƙasar Sisala, kuma kowane buhu itace ne da aka sare. Murhun Gyapa mai yumɓu a ciki, wanda ya fara yaɗuwa a farkon shekarun 2000, ya rage cin gawayi ƙwarai. Ƙidayar 2021 ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na gidajen Ghana da gas suke girki. Duk da haka na san gidaje da yawa da silinda take ɗaki amma ba a kunna ta sai don shayi da ɗumame, saboda tsada da kuma tsoro. Wanda ya ga wutar da ta tashi a Atomic Junction ranar 7 ga Oktoban 2017 ba ya buƙatar a yi masa bayanin tsoron.

A cikin wannan hali ne ƙanena da ke Jamus ya aiko da kuɗi ya ce a gyara wa Mma madafarta. Gidanmu na gado ne a Maamobi, mu da 'ya'yan baffanninmu da 'yan haya huɗu. Ya turo hotuna ta waya: kabad fari tun daga ƙasa har silin, kanta mai sheƙi, murhun gas mai kai huɗu a lulluɓe cikin kanta, ƙofa mai rufewa. Niyyarsa mai kyau ce. Yana tuna yadda hayaƙi yake sa ta tari, da yadda take durƙusawa wanke-wanke a bakin kwata da gwiwar da ta fara ciwo. Kuma yana da gaskiya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga girki da itace da gawayi take, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020. Ni aka ɗora wa nauyin tsayawa a kan aikin, kasancewar ni ce babba kuma ni ce a gari.

Na kai wa Mma wayar, ta daɗe tana duban hotunan, tana matsar da su kusa da ido. Sannan ta ce, "Ke, wannan ɗakin a ina ake tuƙa tuwo?" Tambayar ta fi ƙarfin dariya. Tuwon zafi na mutum goma sha biyu ba a tuƙa shi a tsaye. Zama ake yi a kujera 'yar tsugunno, a saƙala ƙarafa biyu masu ƙugiya a kunnuwan dadesen, a take su da ƙafa, sannan a kama muciya da hannu biyu a sa ƙarfin kafaɗa da baya. Haka maƙwabtanmu Ga da Ewe suke tuƙa banku, daga wurinsu ma muka ɗauki wasu kayan, kamar asanka da ake niƙa barkono a ciki. Murhun da ke kan kanta mai tsayin ƙugu ba zai ɗauki wannan aiki ba. Ko tukunyar ta zame ko gilashin ya fashe. Turmi ma yana son ƙasa mai ƙarfi, tayil kuwa taɓarya uku ta ishe shi. Tandar masa tana son garwashi. Waken waakye da ake dafawa da karan dafi da kanwa yana shan wuta awa da awanni, wanda idan a gas ne silinda ba za ta ga ƙarshen wata ba.

Kicin ɗin da ke cikin hotunan nan shi ma yana da tarihinsa. A 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara wa gidajen ma'aikata na birnin Frankfurt ɗan ƙaramin kicin da faɗinsa bai kai mita biyu ba, tsawonsa mita uku da ɗoriya. Ta auna takun matar gida da motsin hannunta kamar yadda ake auna aikin masana'anta, ta manna kabad a bango, ta ba kowane abu gurbinsa. An gina irinsa kusan dubu goma, kuma daga gare shi kicin na zamani ya samo siffarsa. Aiki ne na basira, an yi shi don rage wa mace wahala. Sai dai an yanka shi ne daidai jikin iyali ƙarami, da mace guda mai girki ita kaɗai, a ƙasa mai sanyi, inda ruwa yake zuwa a famfo kullum. Ko a can daga baya an soki tsarin da cewa ya killace mace ita kaɗai a bayan ƙofa, har Turawa suka koma rushe bangon da ke tsakanin kicin da falo. Abin da suke biyan kuɗi su buɗe, mu muna shirin biyan kuɗi mu toshe.

Maganar bango ce ta fi tsayawa a ran Mma. Da na ce mata za a ja bulo har sama a sa ƙofa, sai ta ajiye wayar a cinyarta ta ce, "Idan kun rufe ni, wa zai san na ɗora tukunya? Ni kuma ta yaya zan san wadda ba ta ɗora ba?" A gidan haya na Zongo babu mai zuwa ta ce yau ba mu da abinci, kunya ba za ta bari ba. Kurfoti ne yake faɗa. Idan magariba ta yi ba a ga wuta a bakin wata ƙofa ba, sai ka ga an miƙa wa yaro kwano a rufe an ce, "Kai wa Mamanku ta ɗanɗana mana gishiri." Kowa ya san ba gishiri ake tambaya ba, kuma babu wanda zai faɗa. Wannan ita ce ciyayya, kuma ba ta bambance Bahaushiya da Bazabarma ko Bakotokola ko matar Frafra mai zuwa coci. A watan azumi kwanukan koko da ƙosai suna zagaya gida har ka rasa na wa kake sha. Duk wannan yana tafiya ne saboda ido yana ganin ido.

Ba zan ɓoye ɗaya fuskar ba, domin duk mun zauna a ciki. Idon da yake ganin yunwarka shi ne yake ƙirga naman miyarka. Faɗa nawa aka yi a kan toka da ta tashi ta faɗa wa wata a tukunya, ko ruwan wanke-wanke da ya bi ta ƙofar wata, ko gawayin da aka ce ya ragu da dare? Yara nawa suke ɗauke da tabon ƙuna saboda sun yi tuntuɓe da kurfoti a hanyar wucewa? Amaryar da ba ta iya girki ba tana koyo ne a gaban 'yan kallo goma. Mace tana da haƙƙin ta soya ƙwai biyu ta ci da mijinta ba tare da gida duka ya sani ba, kuma matan da suke mafarkin ɗaki mai komai a ciki ba girman kai ne yake damunsu ba, sutura suke nema. Saboda haka ban ga laifin ƙanena ba, ban kuma ga laifin Mma ba. Kowannensu yana kare wani abu ne da ya cancanci a kare.

Abin da muka yi a ƙarshe shi ne muka raba aikin gida biyu. Aka ja bango iya ƙugu a gefen baranda, sama kuma aka sa bulo mai huda da raga, iska tana ratsawa, mai zaune a ciki tana ganin tsakar gida, yaro mai rarrafe kuma ba ya isa wuta saboda 'yar ƙofar ƙarfe. A gefe ɗaya aka yi kanta ta siminti mai wurin wanke-wanke a tsaye, da murhun gas mai kai biyu don miya da shayi. A ɗaya gefen aka bar ƙasa da siminti mai kauri, babu tayil, don turmi da Gyapa da kujerarta. Silinda aka yi mata keji a waje, tiyo ya ratso bango. Dalili shi ne gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya ya taru, don haka ajiye shi a ɗakin kwana ko cikin rufaffen kabad kasada ce. Ruwan sabulu a kan tiyo da kan silinda yana nuna yoyo, domin zai yi kumfa. Garwashi ma ba a shiga da shi rufaffen ɗaki, ko don ɗumi lokacin sanyi, saboda yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari.

Wajen kabad kuwa kafintan ya faɗa mini gaskiya, Allah ya saka masa. Ya ce farin allon nan mai sheƙi garin katako ne aka matse da gam, idan ya sha danshin Ankara damina biyu zai kumbura ya ruɓe daga ƙasa, kyankyasai su samu gida. Ya ce wawa tana da araha amma ƙwari suna son ta, odum tana da ƙarko amma kuɗinta ba na wasa ba ne. Muka tsaya a kan firam na alminiyam da ƙofofi masu raga, aka ɗaga shi daga ƙasa kamu biyu don a iya share ƙarƙashinsa kuma ruwa ya wuce idan ya shigo. Hatsi muka zuba a robobi masu murfi mai kamawa, amma sai an shanya shi ya bushe ƙarau tukuna, domin rufe danshi a roba ya fi barin sa a buhu illa. Gwangwanayen Milo ɗinta kuwa suna nan a jere a sabon kabad, ta ce hannunta ya san kowanne ko a duhu.

Firiza ita ce abu guda da Mma ta karɓa hannu biyu, amma da sharaɗi. Duk wanda ya rayu a shekarun dumsor, musamman 2015 da wuta take tafiya yini da kwana, ya san gidajen da suka zubar da nama da kifi da miyar mako guda. Saboda haka ranar Babbar Sallah, bayan an raba na sadaka da na dangi, kason gida biyu take yi. Rabi ya shiga firiza, rabi kuma a soya shi ƙarau da gishiri da citta a juye a tukunya tare da kitsensa, yadda uwarta take yi tun babu lantarki a unguwar. Jikokinta mata tana zaunar da su a kan wannan aikin ko suna so ko ba sa so. Ta ce na'ura baƙuwa ce mai zuwa da tafiya, abin da ke cikin kai shi ne ɗan gida.

Ga 'yan'uwana masu zaman haya, akwai tambayar da ta riga zaɓen tayil: bangon na wane ne? Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar kuɗin gaba fiye da na wata shida, amma kowa ya san shekara biyu ake nema. Wanda ya haɗa wannan kuɗi da ƙyar, sannan ya manna kabad da tayil a ginin wani, ranar da aka ce ya tashi ba zai ɓamɓare su ya tafi da su ba, wani lokaci ma gyaran da ya yi shi zai sa a ƙara masa haya. Gara tebur mai ƙafa, da kabad mai tsayuwa da kansa, da shelf ɗin da ake kwancewa. Idan kuma dole sai an taɓa gini, a rubuta yarjejeniya da maigida a gaban shaidu. A gidan gado ma haka ne. Kafin mu sa bulo ɗaya sai da na zauna da baffanninmu, domin taku biyu na baranda da aka kewaye ba da shawara ba yana iya zama shari'ar da jikoki za su gada.

Kada kuma mu manta cewa murhun bakin ƙofar nan shi ya ciyar da birnin nan, ya kuma sa harshenmu a bakin kowa. Waakye daga wake yake. Tuo zaafi tuwon zafi ne. Koose, maasa, fula, Hausa koko, duk sunayenmu ne da ɗan Osu da ɗan Kumasi suke kira kowace safiya. Hajiyoyin da suke tashi ƙarfe uku na dare su hura wuta a ƙarƙashin dadesen, daga wannan lungun suka biya kuɗin makaranta, suka aurar da 'ya'ya, suka je Makka, wasu suka gina gidaje a Kasoa da Madina da Ashaiman. 'Yar da take miƙa wa uwarta mara da ludayi tana koyon sana'a ne ba tare da an ce mata ga darasi ba: yawan kanwa, lokacin sauke ayoyo kafin ya yi baƙi, yadda ake gane mai ya yi zafi. Idan muka gina madafar da mutum ɗaya kawai take ɗauka, mun rufe wannan makaranta, kuma waya ba za ta koya wa yarinya nauyin muciya ba.

Don haka duk wanda Allah ya hore masa ya gyara wa uwarsa ko matarsa wurin girki, ya yi, domin hayaƙi da durƙuso da ruwan kwata ba gado ba ne da za a yi alfahari da shi. Amma kafin ya tura wa magini hoto, ya zauna yini guda a barandar ya ga yadda ake aikin: inda take zama, abin da take ɗagawa, inda ruwa yake bi, wanda yake shigowa ya karɓi garwashi, da kwanon da yake fita a rufe. Ya tambayi mai girkin abin da take so a taɓa da abin da take so a bar mata. Ya bar wa iska hanya, ya bar wa turmi ƙasa, ya ɗaga hatsi sama, ya fitar da silinda waje, ya kuma bar gurbin kujera ta biyu.

Allah ya saka wa iyayenmu mata da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya tsare gidajenmu daga gobara da ambaliya, ya sa kada wuta ta mutu a bakin ƙofar kowa. Amin.